Takin Iska da Daddawar Inna

Mutumin da ya fara cutata a Jamus ba Bature ba ne, ɗan ƙasarmu ne. Ta waya muka san juna, ya ce ya samar mini ɗaki na gani na faɗa, dab da jami'a. Ya tare ni a tashar jirgin ƙasa da fara'a, ya karɓi akwatina, yana ta “ɗan'uwa, ɗan'uwa” har na ji kamar a gida, a Tashar Yari, na sauka. Ɗakin kuwa can ƙarƙashin rufin bene yake, inda mai gidan take tara tsofaffin kujeru. In na miƙe tsaye sai katako ya ƙwale ni a ka. Jami'ar da aka ce tana kusa, sai na hau jirgi biyu kafin in kai. Kafin in buɗe baki in yi magana ɗan'uwa ya sulale, lambarsa kuma ba ta sake shiga ba har yau. Na zauna a bakin gado cikin rigar sanyin da na saya a gwanjo, na ce wa kaina, “To, Lawal, ga ka ga Turai.”

Ni mutumin Gubuci ne, ta ƙasar Makarfi, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. Wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan yake nufi. Tunda na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba, balle Inna. “Yaron nan” nake a wurinsu, ko kuma in suna magana da ƙanena Saminu su ce “yayanka”. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, kuma da ita na tashi. Sai dai duk da wannan kara, Baba ne ya ɗora ni a kan hanyar da ta kai ni Jamus, shi bai ma sani ba. In muna gona yakan tumɓuke wake, ya karkaɗe ƙasar, ya nuna mana 'yan ƙurajen da suke jikin saiwa. Ya sa farce ya fasa ɗaya. In cikinsa ja ne sai ya ce, “Wannan yana kan aiki. Inda wake ya kwana bana, dawa ba ta kwana da yunwa baɗi.”

Sai da na yi karatun kimiyya a Zariya na san dalili. A cikin ƙurajen nan akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, a jikinsu kuma akwai wani sinadari da masana suke kira enzayim. Shi yake kamo naitirojin daga iskar nan da muke shaƙa, ya mayar da ita amoniya, wato uwar takin zamani. Abin da masana'anta ba ta iya yi sai da wuta mai tsanani da manyan injuna, saiwar wake tana yin sa shiru a ƙarƙashin ƙasa. Aikin da na je yi shi ne in kwaikwayi wannan sinadari, in haɗa wani gari na ƙarfe da farar wuta wanda zai yi irin aikinsa da hasken rana. Irin wannan gari ana ce masa katalis. Kamar dillali yake a kasuwar Makarfi: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a gama ciniki, shi ya koma gindin bishiya yana jiran na gaba. Ni da na ga yadda Baba yake tsaga buhun taki ɗaya ya raba wa gona uku, ai ba sai an yi mini wa'azin amfanin abin ba.

Shugaban aikin wani dogon Farfesa ne mai zuwa ofis a kan keke. Amma wadda take riƙe da ɗakin gwaje-gwajen da gaske wata dattijuwa ce, Madam Hilda, mai kula da kayan aiki. Ranar farko ko murmushi ba ta yi mini ba. Ta kai ni gaban wani allo a bakin ƙofa, ta sa yatsa tana bin rubutun layi-layi kamar mai biya wa ɗalibi karatu. Layi na farko shi ne: ba a shigo da abinci nan, ko da ƙwayar gyaɗa ce. Na ce a raina, wannan mata za mu yi ta da ita. Ashe ita ce za ta zame mini uwa a garin. Ita ta gan ni ina salla a ƙarƙashin matakala, washegari ta miƙo mini makullin wani ɗan ɗaki. Da sanyi ya tsattsaga mini hannu, sai na tarar da safar hannu ta ulu a kan teburina. Da azumi kuma ta daina shan kofinta a gabana.

Aikin ba wuya a faɗa. In zuba garina a ruwa, in sa tiyo ya riƙa busa iskar naitirojin a ciki, in kunna masa wata fitila mai haske irin na rana, a bar shi wuni guda. Daga nan in ɗebi ruwan in ɗiga masa wani magani. In akwai amoniya sai ya koma shuɗi. In babu, ya tsaya rawaya. Shekara biyu da rabi ina kallon rawaya. Na canja ƙarfe, na canja fitila, na canja ruwa, na yi addu'a, har zagin kwalba na yi da Hausa. Abokan aikina kowa yana fitar da takardarsa, ni kuwa in an zo taron mako sai in tashi in ce har yanzu dai. Akwai wani saurayi a cikinsu da yake tambayata kullum, “Yau wane launi?” yana dariya ƙasa-ƙasa. Wallahi sau da yawa sai na karanta a'uziyya kafin in amsa masa.

Ga kewar gida. Ba a faɗa wa mutum cewa kewa ta baki take fara kama shi. Burodi da dankali, dankali da burodi, har na fara mafarkin miyar kuka. Na koyi tuƙa tuwon semo, na samu kuka a shagon wasu 'yan Afirka, amma miya ba daddawa ai ruwan ganye ce. Na yi ƙorafi sau ɗaya a waya, da wasa. Bayan wata biyu sai ga wani ɗalibi daga Zariya da ƙulli a leda uku, an cusa shi cikin tsohon zane. Daddawar Inna ce, baƙa wuluk, an mulmula ta yadda take yi. Na buɗe na shaƙa, sai ga hawaye, ni da gemuna.

Kwana uku kacal na ci daɗi. A na huɗu na dawo na tarar mai gidan ta kira ma'aikaci yana ɓamɓare katakon bene, wai ɓera ya mutu a ciki. Da ta gano daga ɗakina warin yake fitowa, ta toshe hanci ta ce ko abin ya fita ko ni in fita. Ina zan kai ta? Zubarwa dai ba zan yi ba. Sai na tuna da wani tsohon firji a ɗakin baya na wurin aikinmu, wanda ba mai buɗe shi. A lokacin Madam Hilda ta tafi dogon hutu, an yi mata aiki a gwiwa. Na san dokar, da yatsa aka nuna mini ita. Na sa ƙullin a kwali, na tura shi can ƙasan firjin, kullum in gutsuri kaɗan in tafi da shi gida.

A makonnin nan ne kuma na haɗa wani sabon gari, na canja tsarin aikina. Maimakon in auna kowace kwalba a ranarta, sai in tara na mako guda in auna su gaba ɗaya ranar Juma'a da safe. Kwalaben nakan rufe bakinsu da 'yar takarda sama-sama, in jera su a firjin nan, tunda ni kaɗai nake buɗe shi. Ƙa'ida ce kuma a auna ruwa zalla wanda ba garin a ciki, don a tabbata ba daga wani wuri amoniyar ta zo ba. Ina yin haka, amma sabo nake ɗebo shi ranar awo. Wa zai ɓata wuri a firji saboda ruwan banza?

Juma'ar farko na ɗiga magani, ruwa ya koma shuɗi. Na zaci idona ne. Na ɗiga a ta biyu, shuɗi. Ta uku, shuɗi. Ruwa zalla kuwa rawaya, yadda ya kamata. Tabɗijam! Na yi sujada a wurin, ban damu da wa yake kallo ba. Farfesa ya sauko da gudu da hular kekensa a ka. Mai tambayar launi ya zo ya leƙa ya koma wurinsa. Abin nema ya samu.

Da la'asar na kira gida. Yadda muke waya da Baba abin dariya ne ga wanda bai saba ba. Saminu ne yake riƙe wayar ya buɗe murya, Baba yana zaune a gefe ina jin numfashinsa, amma ba zai yi mini magana kai tsaye ba.

“Baba, barka da yamma. An wuni lafiya? Ya gida, ya shirin damina?”

“Ka ce wa yayanka lafiya lau. Ka tambaye shi ya sanyi.”

Na ba su labari, na ƙara gishiri. Na san sarai ko da abin ya tabbata, tsakanin ɗigon shuɗi a kwalba da buhun taki a gona akwai shekaru masu yawa. Amma daɗi ya ɗebe ni, na ce an kusa, taki daga iska da rana, ba sai an bi layi ba.

Baba ya yi dariya, irin wadda ban cika ji ba. “Taki daga iska? Ka ce masa ai wake ya riga shi.” Sannan ya ce, “Ka ce masa kusurwar nan ta gindin ɗorawa, bana ba zan sa mata komai ba. Na bar masa, ya zo ya gwada nasa.”

Na ce to. Ban gyara maganata ba.

Damina ta yi nisa, shuɗi yana ta fitowa duk Juma'a. Sai Saminu ya fara kirana shi kaɗai daga bayan gida. Ƙafafun Baba suna kumbura. An kai shi asibiti a Makarfi, an dawo. An je wurin wani likita a Ikara, an ba da magani, an ce ya daina shiga gona. Ni kuma in ce Allah ya sawwaƙe, in koma kan kwalabena. Ran nan, wajen ƙarshen damina, na kira aka buɗe murya kamar kullum. Muryar Baba ta yi ƙasa sosai.

“Ka ce wa yayanka waken bana ya yi kyau. In ya samu sarari, ya zo ya ga saiwar da idonsa.”

Sai na ji an karɓi wayar. Inna ce, wadda tunda na tafi ba ta taɓa riƙe waya ta yi mini magana ba.

“Kana ji ko?”

“Ina ji, Inna.”

“To.”

Ta mayar wa Saminu. Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce ban gane ba. Mutumin da bai taɓa ce mini kawo ruwa ba, yau ya ce in zo. Wadda ba ta haɗa ido da ni ta karɓi waya. Ko jaki aka yi wa haka ai ya gane. Na je wurin Farfesa, kuma ba zan ɗora masa laifi ba. Ya ce akwai wasu masana a wata ƙasa da suke bin sawun abu ɗaya da mu, in muka samu mako shida muka maimaita gwajin za mu riga su fitar da takarda. Amma ya ƙara da cewa, “In mahaifinka ne, ka tafi. Kwalba tana jira.” Ni ne na ce a'a. Na ce wa kaina gara in je masa da abu a hannu, in ce Baba ga shi. Na kira Saminu na ce ya gaya musu ina nan tafe bayan kaka.

Mako na huɗu, ranar Alhamis da hantsi, ina tsaye da kwalba a hannu waya ta yi ƙara. Saminu bai yi gaisuwa ba. Ya ce, “Yaya, sai haƙuri.” Na ji kukan mata a bayansa. Ya ce za a kai shi bayan azahar. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ci gaba da tsayuwa kamar an dasa ni. Madam Hilda, wadda ba ta daɗe da dawowa ba tana dogara sanda, ita ta zare kwalbar daga hannuna, ta zaunar da ni, ta kawo mini ruwa. Ta zauna kusa da ni har na samu kuka ya zo.

Sai da na yi kwana biyar kafin in samu jirgi. Na roƙi Madam Hilda ta kula mini da kwalaben, na nuna mata inda nake ajiye su. Abin da nake lallashin kaina da shi a kwanakin nan ɗaya ne: ban zauna a banza ba, na zauna ne don abin da zai amfani manoma irin Baba. Ana gobe zan tashi ta kira ni ɗakin baya, ta rufe ƙofa. Kwalabe uku ne a kan tebur, duka shuɗi.

“Waɗannan ruwa zalla ne,” in ji ta. “Ba garinka a ciki, ba su ga fitila ba. Kwana biyu kawai na sa su a firjin nan.”

Ta sunkuya da ƙyar saboda gwiwarta, ta jawo kwalin ta ɗora a gabana.

“Mene ne wannan, Lawal?”

Na ce abinci ne, mahaifiyata ta aiko mini.

Ta gyaɗa kai. Ta ce ita a gona ta tashi, a cikin shanu, hancinta ya san warin amoniya tun kafin ta san sunanta. Tana buɗe firjin ta ji. Ni da na karanta kimiyya na san kalwa in ta ruɓa ta zama daddawa amoniya take fitarwa, shi ne wannan wari mai hawa ka. Na sani tun ina aji biyu a jami'a. Amma hancina ya saba, gida kawai yake jiyo mini. Wata biyar ruwana yana shan warin daddawa yana komawa shuɗi, ni ina sujada. Garina bai taɓa yin komai ba.

Na so ta yi mini faɗa, ta kai ni gaban allon nan ta sake nuna mini da yatsa. Ba ta yi ba. Ta ce, “Kai za ka faɗa wa Farfesa, ko ni?” Na ce ni. Na hau na faɗa masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi, sannan ya ce gara da aka gano yanzu kafin a buga, irin wannan ya sha faruwa da manya ma, in je in yi ta'aziyya in dawo. Da ya kore ni da na fi samun sauƙi. Da zan fita Madam Hilda ta biyo ni da sauran daddawar, ta sake naɗe ta a sabuwar leda. Ta ce, “Ta mahaifiyarka ce. Kada ka zubar.”

Daga baya na koma Jamus na ƙarasa karatun, na rubuta littafina a kan abin da bai yi aiki ba da yadda amoniya take yaudarar masu gwaji. An ce ya amfani wasu. To, madalla. Ni dai ba wannan nake gani ba in na rufe ido.

Na isa Gubuci an riga an yi sadakar bakwai, 'yan zaman makoki sun watse. Na durƙusa a ƙofar ɗakin Inna na yi mata gaisuwa. Tana cikin takaba, ta juya fuska gefe kamar yadda ta saba. Muka yi ta amin, amin. Can sai ta ce wa Saminu, “Ka tambayi yayanka, daddawar nan ta kai masa kuwa? Malam ne da kansa ya hau mashin ya je Kudan ya auno kalwar. Ya ce ta can ta fi ƙarfi.” Na ce ta kai, Inna, ta yi daɗi ƙwarai. Har yau ban faɗa mata sauran ba, kuma ba zan faɗa ba.

Washegari da safe, bayan mun dawo daga maƙabarta, na ce wa Saminu ya kai ni gona. An girbe masara, an tara kara. Na nufi gindin ɗorawa ina tsammanin in ga fili ya yi ciyawa, tunda an bar wa takin da babu shi. Sai na tarar da wake, layi-layi, ya bushe yana jiran roro.

“Wa ya shuka wannan?”

“Baba ne,” in ji Saminu. “Da ya ga lokacin masara ya wuce ba ka zo ba. Likita ya hana shi gona, na ce ya bari in yi, ya ƙi. Da sanda ya zo, yana shuka yana zama, kwana uku ya yi a kai. Shi ne waken da ya ce ka zo ka gani.”

Na tsaya ina kallon layukan waken. Saminu ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa da yatsan ƙafa.

“Na tambaye shi, Baba, ba ka ce an bar wa Yaya nan ba? Ya ce, ‘Ai shi ya sa. Wake zai riƙe wa Lawal wurin kafin nasa ya iso.’” Ya ɗago ya dube ni. “Haka ya faɗa, Yaya. Da sunanka.”

Na tsuguna na kama gindi ɗaya na tumɓuke, na karkaɗe ƙasar yadda yake yi. Ƙurajen suna nan jikin saiwa, da yawa kuwa, ya yi gaskiya waken ya yi kyau. Na sa farce na fasa ɗaya ina neman jan nan. Ya riga ya bushe, sai ɗan baƙin gari da ya zube mini a tafin hannu. Na fasa na biyu, na fasa na uku. Saminu ya dafa kafaɗata ya ce, “Yaya, bari haka nan. Da wata ɗaya baya ne, da ka same su ja.”